Ƙamshin Suya Ranar Juma'a

Bayan saukowa daga Juma'a aka tarar da Sule mai gadi a ƙofar mangazar hatsi, wato ɗakin ajiyar kayan taimako, kuma ba don rigarsa ba da babu mai cewa shi ne. An fasa masa ƙeya da ƙarfe, sannan aka bi ta kan ƙirjinsa da mota, gaba da baya. Ƙofar mangaza a wangale. Buhunan geron taimako sun yi ƙafa, haka ma gwangwanayen man girkin da ake ɗiga wa yara masu tamowa a cikin kunu.

Shekarar ce damina ta yi rowa, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. A Rijiyar Bube, wani ƙauye tsakanin Urafan da Mayahi, mata sun koma cin ganyen jiga da 'ya'yan anza, wasu har tonon gidan tururuwa suke yi don su ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Wanda ya taɓa mangazar nan a irin wannan lokaci, ai cikin kowa ya taɓa.

Aka aika a kira Gado mai bin sawu. Dattijo ne siriri, wanda idonsa ke karanta rairayi yadda malami ke karanta allo, amma hancinsa ya daɗe da mutuwa. Shekara da shekaru yana ɗura masa garin taba, har ya kai ko mushen jaki aka ajiye masa ba zai ji ba. Ya iso ya tarar gari duka ya riga shi, an tattake wurin kaf. Mutanenmu ke nan, sai sun gama ɓata sawu su ce a kira mai bin sawu.

Da ƙyar ya sami wani guntun shatin taya, bai fi tafin hannu ba, a gefen jinin.

Maigari Abdurrahamane ya ce, "Mi ka gani, Gado?"

"Ƙahwar kat-kat ce, Allah shi ba ka nasara."

"Irin ta wa?"

"Irin ta Ishaya ce, amma…"

Niyyarsa ya ƙara da cewa duk wata kat-kat, wato motar nan mai ratsa rairayi, daga nan har Tasawa irin tayar take sawa. Bai samu ya ƙarasa ba. Hajara matar Sule, wadda mata ke riƙe da ita, ta fizge ta ce ta rantse da Allah lokacin da take dawowa daga tsinkar anza ta ji ƙarar mota a bayan tudu, iska kuma ta kawo mata ƙamshin suya.

Shi ke nan, magana ta ƙare. Kowa ya san mota ɗaya ce a ƙasar nan hayaƙinta ke ƙamshin suya. Ishaya Kirista ne, manomi, ya yi wa gonarsa shinge da bini-da-zugu, yana matse 'ya'yan ya dafa man ya zuba wa tsohuwar kat-kat ɗinsa maimakon gazuwal, wato man dizal. Yara har suna suka sa wa motar, Mai Ƙosai. Wani daga baya ya ce, "Kuma wa ad da ba shi masallaci lokacin Juma'a?"

Kafin la'asar an cinna wa gidan Ishaya wuta. Durom ɗin mansa ya kama, hayaƙi ya rufe gari. Aka jawo shi daga gona ana duka da sanduna, haƙoransa na gaba suka zube a ƙasa, kuma da an gama da shi a nan ba don motar sojoji ta iso ba. Sojojin nan 'yan kaɗan ne, an girke su a wani sansani kan hanyar Urafan don gadin rabon abinci, shugabansu Ajidan Salifu. Ya harba bindiga sama, ya sa aka jefa Ishaya a bayan mota, ya gaya wa jama'a su kwantar da hankali, zai sa shi ya faɗi inda ya ɓoye hatsin. In ya ƙi, zai kai shi Maraɗi da kansa. Kowa ya gane abin da yake nufi, domin waɗanda ake ɗauka haka ba kasafai suke isa Maraɗin ba.

Gado na tsaye yana kallo. Tare suka yi kiwon awaki da Ishaya tun ba su san wando ba, kuma ya san bakinsa ne ya yanka wa mutumin nan wuya.

Washegari da hantsi ya koma mangaza shi kaɗai. Tunda ƙasa ta ƙi magana, sai ya ɗaga ido ya dubi bango. An shafe bangon da farar ƙasa, kuma kusa da ƙofa, daidai gwiwar mutum, akwai baƙin tabo mai faɗin faifai. Nan motar ta tsaya da baya, injinta na aiki, bututun hayaƙi na feshin bango ana loda mata buhuna. Ya shafa da yatsa. Baƙin bai tashi kamar gari ba, sai ya manne masa da maiƙo.

Ya tsuguna. A ƙarƙashin tabon wani abu ya ɗiga a rairayi, kiyashi kuma sun yi masa caa, sun ja layi har gindin bango suna ta kai da kawo. Gado ya daɗe yana kallonsu, sannan ya miƙe ya nufi abin da ya rage na gidan Ishaya.

Ya sami Salomi matar Ishaya tana tonon toka da kara, tana neman tukwanenta. Da can Yaya Gado take ce masa. Yau ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka zo ka ga aikinka?"

"Na zo ki gwada mini inda shike aje mota."

Ta nuna masa da karan. Wani guntun bango ne da wuta ta bari, motar kuma an tura ta ƙofar maigari bayan an farfasa mata gilasai. Gado ya duba bangon. Akwai wani tsohon baƙi da ruwan shekaru ya ɗauraye, a kansa kuma wani ɗan dishi-dishi ruwan toka, wanda sai mai ido zai gani.

Salomi ta ce, "Baƙin na zamanin gazuwal ne. Lokacin nan ko shanya ban iya yi kusa da ita, tari kuwa har yaran sun saba. Tun da ya koma man bini-da-zugu hayaƙin ya yi hwari, ya yi kaɗan. Ba shi ɓata komi."

"Ko da ɗanyen mai anka zuba?"

"Wa ya ce maka ɗanye shike zubawa? Sai ya dahwa shi da soda da wani ruwa da ake kawo mishi daga Maraɗi, ya kwana ya kwanta, shi tace. Sau guda ya gwada ɗanye gauraye da gazuwal, motar ta yi ta tari tana hidda baƙin hayaƙi mai maiƙo, bututun na zubda mai kamar hancin yaro. Bai sake ba."

Gado ya dubi ƙasa inda motar ke kwana. Rairayin ya sha mai har ya yi tauri, amma ko ƙwaro ɗaya babu a wurin.

"Kiyashi ba su zuwa nan?"

Ta yi masa kallon wanda ya zautu. "Man bini-da-zugu? Dahi ne. Shi muke shahwa ma rumbu don gara. Ko akuya ba ta lasa tai." Ta koma tonon tokarta. "An ce jiya har dare ana jin kuka nai daga sansani. Kai da shi kunka tashi, Gado."

Ya tafi da abu ɗaya a ransa: motar da ta taka Sule man ci take sha, ɗanye, a shekarar da uwa ke neman cokali guda ta rasa.

Hajara na zaman takaba a ɗakin uwar mijinta. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaye ta ko ta ga motar da idonta.

"Ban gan ta ba, Baba. Tudu ya tsare. Amma hancina bai yi ƙarya ba."

"Ban ce ya yi ba, ɗiyata. Ƙamshin kamar na mi?"

"Kamar an toya ƙosai man ya ƙone. Har yawuna ya tsinke, Allah shi gahwarta mini. Mijina na can ana kashe shi, ni ina nan yawuna na tsinkewa." Ta rufe fuska da mayafi.

Ya jira ta natsu. Da ya tambaye ta ko Sule na da abokin faɗa, ta ce babu, sai dai kwanakin nan ba ya barci. Yakan ce gwangwanayen mai na raguwa, kuma an hana shi magana. Ranar Alhamis ya ce mata ya gaji, in an sauko Juma'a zai je ya gaya wa maigari kome.

"Wa ya hana shi magana?"

"Bai hwaɗi ba. Ya ce in na sani, ni ma na shiga ukku."

Wa ke da man ci da mota, kuma ake tsoronsa haka? Zuciyar Gado ta tafi kai tsaye wurin Alhaji Gazali, babban ɗan kasuwar Mayahi, wanda kamiyonsa, babbar motar kaya, ke kawo kayan taimakon, kuma kowa ya san ya ɓoye hatsi yana jiran ya ƙara tsada. Shatin da ya gani dai na kat-kat ne, amma guntu ne, ido na iya kure. Ya hau amalanken wasu masu zuwa kasuwa ya tafi.

Kamiyon na fake a bayan kantin Alhaji. Gado ya zaga bayansa, ya sa yatsa a bakin bututun, ya fito da baƙi ƙirin, amma busasshe, yana hura shi ya tashi. Yana duƙe yana neman kiyashi a ƙasa sai ya ji an shaƙo wuyan rigarsa. Yaran Alhaji ne. Ba su tambaye shi kome ba sai da suka haɗa masa jini da majina, suka ja shi gaban maigidansu.

Alhaji Gazali ya dube shi daga kan kujera. "Kai ne Gado na Rijiyar Bube? Ɓarawo ka maishe ni?"

"Tambaya na zo yi, Alhaji. Mi kamiyonka ke sha?"

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ku ji mini tsoho. Gazuwal mana, daga Jibiya, bido-bido, jarka kan jarka. In zuba ma mota man ci? Ka san nawa nike saida gwangwani guda yanzu? Ni mugu ne, na ji, amma ni ba wawa ba ne."

Gaskiyarsa, kuma Gado ya sani. Wanda ke sayen mai da kuɗinsa ba zai ƙona shi ba, sai wanda ya same shi a banza. Shofer ɗin kamiyon, wato direbansa, Maman Sani, ya raka shi waje ya ba shi ruwa ya wanke fuska, ya ce masa ran Juma'ar nan suna Maraɗi, rabin kasuwa shaida ne. Gado ya koma gida da kumburarren leɓe, hannu rabbana.

Abin da ya rage masa sai roƙo. Ya bi hanyar Urafan da ƙafa har sansanin sojoji, wata tsohuwar lakwal da aka daina karatu a cikinta. Tun daga ƙofa ya hango Ishaya. An ɗaure masa hannuwa ta baya, an rataye igiyar a reshen bedi, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Bayansa duk ya tsage, ƙudaje sun rufe shi, hannuwan sun kumbura sun yi baƙi.

Ajidan Salifu na zaune a inuwa kusa da kat-kat ɗinsu yana shan shayi. Gado ya cire takalma ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar yadda talaka ke yi gaban mai bindiga. Da a tsaye yake yana kallon mutumin ido da ido, da bai ga kome ba. Amma idonsa na ƙasa, sai ga layin kiyashi ya wuce ta gaban yatsunsa. Ya bi layin da wutsiyar ido. Ya tafi ɗoɗar har ƙarƙashin bututun motar sojoji, inda rairayi ya jiƙe da baƙin maiƙo.

Nan take kome ya zauna masa daidai. Sojoji ba sa zuwa gari sai ranar rabo, lokacin da mata ke dafe-dafe a bakin mangaza, kuma wa ke matsawa kusa da motarsu balle ya shinshina? Ranar da suka zo ɗaukar Ishaya kuwa, man gidansa ne ke ci da wuta, ya rufe kowane wari.

"Tsoho, mi ke tahe da kai?" in ji Ajidan.

Gado ya san in ya buɗe baki da gaskiya a nan, reshen bedin nan zai ɗauki mutum biyu.

"Ranka shi daɗe, gari ya rabu. Wasu na cewa ba Ishaya ba ne, Alhaji Gazali ne. In ka tahi da shi haka, magana ba ta mutuwa. Ka kawo shi bakin mangaza, ka sa a kawo kamiyon Alhaji, ni kuwa in gwada ma kowa da ido nai cewa motar Ishaya ce. Daga nan ba mai sake buɗa baki."

Ajidan ya ajiye kofin. Shawarar ta yi masa daɗi, ga shi har a fuskarsa. "Bon. Gobe da hantsi. Daga can sai Maraɗi."

Da Gado ya juya zai fita, Ishaya ya ɗago kai da ƙyar. Ido ɗaya ne kawai ke buɗuwa, kuma da shi ya dube shi. Ya ji duk abin da aka ce. Gado ya wuce shi kamar bai san shi ba. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba, kuma kafin ya isa gida labari ya riga shi cewa Gado ya sayar da abokinsa.

Da yamma ya je wurin maigari ya roƙi ragowar farin ƙyallen da aka yi wa Sule likkafani. Ya raba shi uku. Biyu ya riƙe, na ukun ya kai wa Hajara.

"Gobe ki hito, ɗiyata. Na san kina takaba, amma lalura ce. Ki yahwa wanga, ki zamna inda na zaunar da ke, kome anka yi kada ki tashi."

Da hantsi gari ya taru a bakin mangaza, har da mutanen ƙauyukan kewaye. Kiristocin garin, gida biyar ko shida, suka tsaya gefe guda tare da Salomi. Aka turo Mai Ƙosai, Maman Sani ya kawo kamiyo, Alhaji Gazali na gaba yana huci. Sojoji suka zo a ƙarshe, Ishaya na kwance a bayan motarsu a ɗaure. Inuwa ɗaya ce a wurin, ta wata aduwa, nan shofer ɗinsu ya faka ya kashe inji. Gado ya kama hannun Hajara ya zaunar da ita a gindin aduwar, dab da bayan motar, kamar mai nema wa mai takaba inuwa. Babu wanda ya kula.

Ya nuna wa jama'a tabon bango, ya sa maigari da liman suka shafa suka ji maiƙonsa. Sannan ya sa mutum biyu suka riƙe ƙyalle a bayan kamiyo, Maman Sani ya tayar ya taka. Hayaƙi ya turnuƙe, mutane suka yi ta tari. Ƙyallen ya yi baƙi, amma da Gado ya kaɗa shi sai baƙin ya tashi kamar garin gawayi.

"Wanga gazuwal ne tsantsa. Akwai mai jin suya?"

Babu. Alhaji Gazali ya gyara hula.

Aka koma kan Mai Ƙosai. Maman Sani ya sha fama kafin ta tashi. Wani siririn farin hayaƙi ya fito, ƙamshin suya ya bazu, jama'a suka fara guna-guni, wasu har sun duƙa neman duwatsu. Gado ya bari aka daɗe ana takawa, sannan ya ɗaga ƙyallen sama ya zaga da shi. Ɗan dishi-dishi ne kawai a jikinsa. Ya kai shi jikin bango ya kara da baƙin tabon, ya bar idanun mutane su yi aikinsu.

Liman ne ya fara magana. "Wanga ba shi ne wancan ba."

Ajidan Salifu ya taso a hankali har gaban Gado.

"Abin da ka ce za ka gwada ke nan?"

"Ranka shi daɗe, ni ma haka na gani."

Gindin bindiga ya sauka a kuncin Gado, ya faɗi, bakinsa ya cika da jini. Ajidan ya juya ga jama'a ya ce wasan yara ya ƙare, shi ya san mai laifi, kuma duk mai ja ya biyo shi Maraɗi. Ya shiga mota ya buga ƙofa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Shofer ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, bututun ya tofa wani baƙin hayaƙi mai kauri kai tsaye a jikin matar da ke zaune a gindin aduwa.

Hajara ba ta kauce ba. Ta shaƙe shi har cikin ƙirjinta, sannan ta miƙe tsaye. Farin ƙyallen da ta yafa ya yi baƙin tabo mai faɗin faifai, yana naso. Ƙamshin ƙonannen man ƙosai ya bi iska ya shiga hancin mutanen da suka yi wata da watanni ba su ga maiƙo ba. Gado kaɗai ne bai ji ba, amma ya ga yadda kawuna ke juyawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wanga ne. Shi na ji."

Gado ya tofar da jini ya ɗaga murya. "Man ɗiyanku ne ke ƙonewa. Ku duba ƙasa, kiyashi ma sun sani."

Ajidan ya daka wa shofer tsawa ya ja. Maman Sani, wanda ya riga ya koma kamiyo ya bar inji na aiki, ya sako shi ya gindaya a hanya. Kat-kat ta yi baya, ta kauce cikin rairayi mai laushi, tayoyinta suka nutse suna ta juyawa a banza. Ajidan ya fito da bindiga. Harbin farko ya sami wani saurayi a wuya, na biyu ya sami Gado a gwiwa lokacin da yake rarrafawa wajen bayan motar. Na uku bai fita ba, domin taɓarya ta sauka a hannunsa.

Mata ne suka fara isa gare shi, iyayen yaran da ake auna wa hannu da zare a ranar rabo. Sauran sojojin suka zubar da bindigogi suka ranta a na kare. Shofer ɗin sojojin, wani yaro-yaro da shi, aka fizgo shi ta taga yana kuka yana cewa shi baya kawai ya ja da mota, Ajidan ne ya bugi mai gadi da ƙarfen taya, gazuwal ɗin da ake ba su kuma tuni ya sayar da shi, shi ya sa suke zuba wa motar man taimako, hatsin na nan a ajin lakwal. Maigari da liman suka kwanta a kansa, da haka ya tsira. Ajidan Salifu kuwa babu wanda ya kwanta a kansa. Gado na jin sautin taɓare, bai waiwaya ba, kuma ba zan ce ya ji tausayi ba.

Ya ja jikinsa har bayan motar, ƙafarsa na binsa kamar ba tasa ba. Mutanen da suka zubar wa Ishaya haƙora su ne yanzu ke sauko da shi a hankali, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Yana numfashi. Gado ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya ɓamɓare ta daga cikin nama. Hannuwan suka faɗi a kan cinyar Ishaya, baƙaƙe, sanyi ƙalau. Ya yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya, bai motsu ba.

"Ishaya, ni ne."

Ido ɗayan ya buɗe ya dube shi, ya sake rufewa.

Aka kawo amalanke don a kai shi wurin likita a Tasawa. Salomi ta shimfiɗa zanenta, ta hau ta ɗora kan mijinta a cinya, ta ɗauki hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya ta jera masa a ƙirji. Ta daɗe tana kallonsu. Ta san ba za su sake riƙe hauya ba, balle sitiyari.

Maigari ya matso yana murza hula a hannu. "Salomi, ga Gado. Jini na zuba, kuma ba wani amalanke kusa. Shi ya hidda mijinki."

"Shi ya sa shi ciki."

Salomi ta dubi gwiwar Gado da ta tarwatse, ta dubi jinin da rairayi ke shanyewa, sannan ta matsa gefe ta bar wuri.

"Ku ɗora shi. Amma ku juya mishi huska can."

Aka ɗora shi ya ba su baya. Mai amalanke ya bugi jaki, suka kama hanyar Tasawa.